Ba Gem Ɗinka Ne Ya Kashe Talabijin Ba

Ƙafin Maiyaki,
ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Legas lafiya, ka tarar da Kawunka Ɗanladi da iyalinsa lafiya, gajiyar mota kuma ta sake ka. Mu nan ƙalau muke, sai kewarka. Allah ya tsare min kai a garin da ban taɓa takawa ba, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hanya da na kasuwa.

Kada ka nemi labarin gari a takardar nan. Masara ta yi kyau, akuyar Innarka ta haihu, sauran ka ji a bakin direban da zai miƙa maka ita. Abin da ya zaunar da ni rubutu daban ne. Shekara biyu ke nan ni da kai ba mu yi wata magana da ta wuce ina kwana da lafiya lau ba, alhali muna gida ɗaya, muna cin tuwon tukunya ɗaya. Ka san dalili, amma akwai abin da na ɓoye maka a cikinsa. Yanzu ga shi ka tafi koyon gyaran kayan lantarki har na shekara uku, ni kuma tsoro nake ji kada shirun nan ya bi ka can ya samu wurin zama. Yau kwananka tara da tafiya, har yanzu in na ji ƙarar keke a ƙofar gida sai na ɗaga kai.

Ka yi haƙuri, zan ɗan yi kewaye kafin in iso ga maganar. Ka san halina, ko gona zan je sai na bi ta doguwar hanya.

Na san kallon da kake yi mini: tsoho mai faɗa wanda ya tsani duk wani abu mai waya a jiki. Ba haka nake ba a da. Ni ne na fara shigo da rediyo mai kaset unguwarmu, a shekarar da aka haife ka. Innarka har riga ta ɗinka mata da guntun atamfa, ni kuma ina rataye da ita a kafaɗa duk inda zan je, ina ji da kaina kamar wani babban ma'aikaci. A lokacin Malam, mahaifina, wanda ka ci sunansa, yana raye. In ya sallami ɗalibansa bayan la'asar yakan shimfiɗa buzu a gindin dalbejiyar ƙofar gida, ya kira ni in zauna. Sai ya kama ba ni labarin yadda kakanninmu suka zo garin nan, da inda iyakar kowace gona tamu ta tsaya, da waɗanda muke da zumunci da su a Bebeji da Kiru. Ni kuwa kunnena na manne da rediyo, ina ta murɗa ta ina neman tashoshin nesa, ina cewa to, to, ba tare da na ji abin da yake faɗa ba. Wata rana ya yi dariya ya ce na san abin da ake ciki a ƙasashen da ban taɓa gani ba, amma ban san inda gonar kakana ta ƙare ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rediyon nan tana da jan maɓalli na ɗaukar magana. Na ɗauki kiɗan biki da ita, na ɗauki kukanka kana jariri, har carar zakara na taɓa ɗauka don in ba mutane mamaki. Ban taɓa dannawa Malam yana magana ba, ko sau ɗaya. Yau in na rufe ido ina ganin fuskarsa sarai, amma muryarsa ta soma gushe mini, kuma babu inda zan je in same ta. Don haka in Kawunka ya zauna yana yi maka magana, ko da kana ganin ka san ta, ka rage sautin duk abin da ke gabanka ka fuskance shi. Tashar da ka rasa yau za ta dawo gobe a daidai wurin da ka bar ta.

Kuskurena na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ban taɓa ba ka labarinsa ba. Kana ɗan shekara shida aka tura ni aikin malamin gona a Doguwa, na bar ku a gida wurin Malam. A ofishinmu na can akwai oba-oba, wannan na'ura da ake magana da wani ofishi ta iska, babu igiya babu turke. Ƙa'idarta ɗaya ce: in ka danna maɓalli kai ke magana, ba ka jin kowa, in ka gama sai ka ce oba, ka saki, sannan na ɗaya gefen ya samu baki. Ni kuwa in na danna ba na saki. Bala, mai kula da na'urar a babban ofishinmu na Tudun Wada, har suna ya sa mini, wai Malam Shehu Ba-Oba. Ina jin sunan ina dariya, a zatona yabo ne.

Wata safiya na kira shi raina a ɓace, saboda taki bai iso ba, manoma kuma sun cika mini ƙofar ofis. Na danna maɓalli na shiga zuba, tun daga kan direba har zuwa kan manya, ban bar kowa ba. Ashe tun da sassafe ƙanina ya tuƙa keke daga nan har Tudun Wada ya bar saƙo cewa jikin Malam ya tsananta, yana ta kiran sunana. Bala na can yana jira in saki ya gaya mini. Kafin in saki, batir ya yi sanyi. Abin da na ji kawai shi ne shuuu, da kalmar gida, sai na'urar ta ɗauke. Na ce a raina gaisuwa ce yake yi, na koma wurin manoma. Sai bayan kwana biyu wani direban babbar mota ya kawo mini saƙon da baki. Na ratso dajin Falgore a bayan motarsa ina addu'a, na iso ƙofar gida daidai lokacin da mutane ke dawowa daga maƙabarta.

Shekara goma sha uku ke nan, har yau ban san abin da Malam yake so ya gaya mini ba. Shawarata gare ka a nan gajeriya ce. In kana da gaskiya, kuma ranka ya ɓaci, a lokacin ne ya fi kamata ka yi shiru ka ji na gabanka, domin mai fushi gani yake babu wata magana a duniya sai tasa. Na tuna ka taɓa ce wa Innarka wai a Legas manya suna yawo da wayar tarho a hannu, mara igiya, kuma wata rana har ƙauye za ta zo. Ina daga zaure na ce tatsuniya ce. To, ko ta zo ko ba ta zo ba, ni na riƙe irinta tun ba ka yi wayo ba, kuma na gane ba na'urar ce ke hana saƙo isa ba.

Yanzu na iso inda nake ta gudu.

Ka tuna lokacin da na sayo talabijin baƙi-da-fari. Ba mu da wutar lantarki, sai batirin mota da ake kai wa caji Kwanar Dangora. Kai ne mai hawa katanga kana juya gorar eriya, mu kuma muna ciki muna cewa ta yi, ta ɓata, koma baya kaɗan. Da la'asar maƙwabta su cika tsakar gida, ni ina kan kujera ina ta bayani kamar ni na ƙera ta. Ina son talabijin ɗin nan, Abba, fiye da yadda ya kamata mutum ya so akwati.

Sai ka yi kiwon ragon da Innarka ta ba ka, ka sayar, ka tafi Kano ka dawo da gem. Ba ka tambaye ni ba, wannan ne ya fara sosa mini rai. Na ga ka jona shi a bayan talabijin, ka yi masa wata dabara da Sale mai gyaran rediyo ya koya maka don ya sha daga batir, sai ga wasu 'yan mutane ƙanana suna buga ƙwallo a fuskar gilashi, suna bin yatsunka. A majalisarmu ta ƙofar masallaci kuwa kowa ya zama masani. Tela ya ce yana kashe ido. Mai shayi ya ce daga nan yara ke koyon caca. Wani ya rantse cewa a gidan surukinsa gem ya shanye fuskar talabijin har ta mutu murus. Babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa riƙe abin a hannunsa. Ni na kwaso maganganun nan na kawo gida ina maimaitawa da babbar murya, kamar a littafi na karanta su.

Akwai ranar da na tsaya a bayanka ina kallo, na daɗe ban sani ba. Ka juyo ka miƙo mini ɗaya hannun gem ɗin, ka ce, “Baba, ko za ka gwada? Na mutum biyu ne.”

Na ce maka ni ba sa'anka ba ne. Na fita ina gyara hula. Gaskiyar magana, so nake in karɓa. Tsoro na ji kada ka cinye ni a gaban ƙannenka su yi mini dariya. Ka ga uban naka, wanda ke tsayawa gaban manoma ɗari yana koya musu shuka, ya gudu daga wasan yara.

Ranar da abin ya faru kana gona. An dawo da batir daga caji, ni kuma ina so in ga labarai, na ƙi jiranka. Wayoyin nan biyu masu baki kamar na kada, ja da baƙa, duk sun koɗe sun zama kala ɗaya. Ka ɗaura wa ɗaya wani tsumma, ni kuwa kwana biyu kafin nan ina goge ƙura na cire shi na yar, ina mitar cewa komai naka sai ka rataya masa ƙazanta. Na maƙala wayoyin yadda na ga dama, na kunna. Sai na ji ɗas, wani siririn hayaƙi ya fito ta baya, ɗaki ya ɗauki ƙauri. Ko daƙiƙa ɗaya ban zargi kaina ba. Idona na sauka kan gem ɗinka a gefen tabarma na ce ga ɓarawon.

Sauran ka sani, amma zan rubuta shi don kada in sauƙaƙa wa kaina. Na jira ka dawo, fartanya na kafaɗarka, ko ruwa ba ka sha ba. Na ɗauko gem ɗin na fito da shi ƙofar gida, a gaban mutanen da ke zaune a gindin dalbejiya, na maka shi a kan dakali. Na ce maka da wannan hali ba za ka tsinana komai ba a rayuwarka. Ka durƙusa ka tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ka zuba a rigarka, ka shige gida. Ba ka yi kuka ba. Mutanen majalisa suka ce na yi daidai, haka ake tarbiyya, ni ma na kwana ina ganin na yi abin kai.

Bayan mako guda na ɗaure talabijin a bayan babur na kai wa Sale a Kwanar Dangora. Ina sauke ta ina ba shi labarin yadda gem ya cinye ta. Ya kwance bayanta, ya sunkuya ya shinshina, ya nuna mini wani ɗan abu da ya ƙone ƙurmus. Ya tambaye ni wa ya haɗa batir a ranar. Na ce ni ne.

Ya ce, “Malam, gem ba ya kashe talabijin. Juya batir aka yi, an sa ja a gurbin baƙa.”

Nan take tsumman nan ya faɗo mini a rai. Ashe alama ce ka yi don kada a juya. Ka san abin da na fara cewa? Ban ce wayyo ɗana ba. Cewa na yi, Sale, maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Ya dube ni ya ce to, ya ci gaba da aikinsa har ya gyara ta. Duk hanyar dawowa ina shirya yadda zan kira ka in gaya maka. Da na iso na gan ka kana ba tumaki dusa, sai na ce bari sai gobe. Goben nan ita ce ta kai mu shekara biyu. Kullum girma ya hana ni, ina ganin in uba ya ce wa ɗansa na yi kuskure, rawaninsa ya faɗi ke nan. Kai kuma ka janye jikinka, ka daina shiga ɗakin talabijin, ka koma wuni a shagon Sale duk ranar da babu gona, ni ina kallonka daga nesa ina jin zafin abin.

Tunda gyara ka tafi koyo, ka riƙe wannan daga bakin wanda ya ƙone. Kada ka yanke wa abu hukunci kafin ka kwance bayansa ka duba da idonka, ko da duk kasuwa ta taru a kan magana ɗaya. In kai ne ka ɓata kayan mutum, ka gaya masa a ranar, kafin ya fita daga shagon. A ranar farko maganar ba ta da nauyi sosai, kowace safiya kuma ƙaruwa take yi. Kada kuma ka ga wani abu sabo ya shigo ka tsane shi don kawai ba ka iya shi ba. Ka ce ban iya ba, a nuna mini. Ni da na faɗi haka da ba mu kai nan ba.

Zan gaya maka wani abu, ka yi dariya in ka ga dama. Gutsattsarin da ka ɓoye a kwali a ƙarƙashin gadonka, na ɗauke su bayan tafiyarka na kai wa Sale. Ya ce cikin bai mutu ba, jikin ne ya fashe. Ya ɗaure shi da waya, ya liƙe da gam, ga shi nan ya tashi, sai dai muninsa ya isa. Shekaranjiya da rana na tura ƙannenka aike, na sakaya ƙofa, na ɗaura sabon tsumma a jar wayar da Sale ya nuna mini, na kunna. Abba, injin nan ba shi da kunya ko kaɗan. Ya yi ta zura mini ƙwallo har na daina ƙirgawa, 'yan wasana kuwa sai gudu suke suna fita daga fili. Innarka ta leƙo ta taga ta gan ni ina cije leɓe ina karkata jiki, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ba zan aiko maka da shi ba. Yana nan a kan teburina, sai ka zo hutun sallah ka nuna mini yadda ake tare gida.

A ranar ne, da ta gama dariyarta, na zaunar da ita na gaya mata maganar batir, wadda na ɓoye mata ita ma. Na zaci za ta yi salati. Sai ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce ai kai, Abba, ka sani tuntuni. Ta ce tun a yammacin ranar ka ga babu tsumma a jikin wayar, ka je ka tono shi a cikin shara, ka kawo mata ka nuna mata. Ta ce za ta yi mini magana, ka hana ta.

Wai ka ce, “Inna, ki bar shi. Ya riga ya faɗa a gaban mutane, kada ya ji kunya.”

Na tashi na shiga ɗaki, ban iya fitowa ba sai da aka kira magariba. Shekara biyu ina ɓoye maka abin da ka sani, kai kuma kana rufa mini asiri, kana gaishe ni kowace safiya a durƙushe. Kana ɗan shekara goma sha bakwai ka yi abin da ni mai furfura na kasa.

Ranar da na raka ka Kwanar Dangora, da mota ta cika, ka tsuguna a gefen titi ka ce in yafe maka, kamar yadda kowane matafiyi ke yi. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Sai na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, na ɓuya a cikin gaba ɗayan nan kamar yadda manya ke yi. Motar ta tashi ina tsaye, har ta ɓace a hanyar Zariya ban motsa ba.

To yau ba zan ɓuya ba. Ba ka yi mini komai ba. Ni na juya batirin, ni na fasa maka kayanka, ni na kunyata ka a gaban mutane a kan laifina. Ka yafe mini, Abba. Maganar da na faɗa a ƙofar gida, cewa ba za ka tsinana komai ba, na janye ta, kuma jiya bayan la'asar na je majalisa na janye ta a gaban waɗanda suka ji ta. Tela ya sunkuyar da kai, mai shayi ya ce abin ya wuce. Na ce bai wuce ba sai mai shi ya ce ya wuce.

Direban nan yana juyowa ranar Talata. Ko layi ɗaya ne ka ba shi, zan je Kwanar Dangora in jira shi da kaina.

Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Ƙannenka na gaishe ka. Ka gaishe mini da Kawunka da mutanen gidansa. Allah ya kiyaye fitarka da shigarka, ya tsare hannunka daga wuta, ya sa sana'ar nan ta zame maka rufin asiri, ya dawo mini da kai ina da rai. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Na daɗe ban faɗa maka ba. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Shehu.